Wasiƙa zuwa ga Yaya a kan karatun Ummi

Misfala, Makka



Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukkan 'yan'uwa a can Katsina. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai zafin Makka da ka sani. Taron masu Umra ya ɗan lafa, har mutum yakan sami sahu a cikin Harami ba tare da ya fita tun da sauran lokaci ba.

Saƙonka a kan maganar 'yarka Ummi ya iso, na kuma saurare shi a natse. Ka ce wata jami'a a Landan ta ba ta gurbin digiri na biyu, da tallafi, a kan tarihin fasahar tsakiyar zamani ta al'ummu daban-daban, amma zuciyarka ta ƙi kwanciya. Abu biyu ka ambata. Na ɗaya, kada 'yar gidan malamai, mai sunan mahaifiyarmu, ta ƙare da nazarin gumaka da coci-coci. Na biyu, in ta gama me za ta ci da shi? Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Kai ne uba, hukunci naka ne, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Amma tunda ka nemi ra'ayina, ba zan ɓoye maka ba: ina ganin ka bar ta ta tafi.

Bari in fara da zamanin da za ta karanta. Turawa suna lissafa shi daga wajen shekara ta 500 zuwa ta 1500 Miladiyya. In ka aza wannan ma'auni a kan namu tarihin, sai ka ga ya ɗauko tun kafin haihuwar Manzon Allah (SAW), ya haɗa da Umayyawa da Abbasiyawa da Andalus da Mali da Kanem, ya zo ya dire daidai da ƙarshen sarautar Muhammadu Rumfa a Kano a 1499. Ashe shekarun da littattafan da ke jibge a zaurenka suka fito daga cikinsu, su ne shekarun da za ta karanta. Kai kana karanta abin da malaman lokacin suka rubuta, ita kuwa za ta karanta abin da magina da maƙera da masaƙa da marubutan alƙalami na lokacin suka yi da hannuwansu.

Kuma abin da na gane a zamana na garin nan, tun ina ɗalibin tarihi a Ummul Ƙura har yau, shi ne babu wani abin hannu na wancan zamani da za a fahimce shi in an tsare shi cikin iyakar ƙasa ɗaya. Ɗauki Ɗakin Allah kansa. Ka fi ni sanin ginin da Ƙuraishawa suka yi shekara biyar kafin aiko Manzo, lokacin da aka yi jayayya a kan wanda zai aza Hajarul Aswad. Azraƙi, a littafinsa na labaran Makka, ya kawo cewa katakon da aka yi aikin da shi na wani jirgin ruwan Rumawa ne da ya fashe a gaɓar Shu'aiba, kuma akwai wani gwani baƙo mai suna Baƙum da ya sa hannu a aikin. An jera ginin ne sahun dutse, sahun katako, irin yadda ake gini a Habasha ta wancan lokaci. Mai son ya gane wannan bango sai ya san aikin Rum, ya san na Habasha. Daga baya Halifa Mahadi na Abbasiyawa ya faɗaɗa masallacin a ƙarshen ƙarni na 8, ginshiƙan marmara daga Sham da Masar aka yo jigilarsu ta teku. Rumfunan nan masu ƙananan ƙubbobi da ka yi salla a ƙarƙashinsu a hajjinka na farko aikin Usmaniyawa ne, an fara a zamanin Sarki Salim na biyu a 1571, aka gama a zamanin ɗansa Murad na uku, kuma a kan da yawa daga tsoffin ginshiƙan nan aka ɗora su. Rigar Ka'aba kuwa ɗaruruwan shekaru daga Masar take zuwa, har sarakunan Mamluk suka yi waƙafin ƙauyuka sukutum domin kuɗin saƙarta. Sai a 1927 Sarki Abdul'aziz ya buɗe mata gidan saƙa a Ajyad, a 1977 aka koma masana'antar Ummul Jud. Na sha tsayawa ina kallon masu surfani a can suna bin haruffan Sulusi da zaren azurfa mai ruwan zinariya, sun cusa auduga a ƙasa don harafin ya taso. Salon rubutun da suke bi a Bagadaza aka daidaita shi, a hannun su Ibn Muƙla da Ibnul Bawwab da Yaƙutul Musta'asimi, tsakanin ƙarni na 10 da na 13. Wannan duka yana cikin manhajar da Ummi za ta karanta.

Gaskiya ne za ta ga coci, za ta ga surori, ba zan rufe maka wannan ba. Za a nuna mata majami'un Faransa masu tagogin gilashi, da na Lalibela a Habasha da aka sassaƙe daga dutse ɗaya, da kawunan tagulla na Ife. Amma ba za a ce ta sassaƙa ba, balle ta rusuna. Aikinta shi ne ta duba, ta auna, ta tambaya: wa ya yi, da me, wa ya biya, daga ina kayan suka zo, me masu shi suke nufi da shi? Kuma tana da magabata a wannan. Ibn Jubair, malamin Andalus da ya yi watanni a Makka a 1183 zuwa 1184, ya ƙirga ginshiƙan Harami da ƙofofinsa, ya kwafe rubutun da ke jikinsu, har yau da bayaninsa masana suke gane yadda masallacin yake a lokacin. A hanyarsa ta komawa gida jirginsu ya fashe a Siƙiliya, ya isa birnin Falermo, ya shiga wata coci ranar bikin Kirsimeti, ya bayyana bangonta mai ruwan zinariya da tagoginta dalla-dalla, sannan ya nemi tsarin Allah daga fitinarta. Ya gani, ya rubuta, ya fito da imaninsa. Taƙiyyuddin Fasi, alƙalin Malikiyya na Makka da ya rasu a 1429, shi ma bin duwatsun kaburbura da rubutun ƙofofin makarantu da ribaɗai ya yi kafin ya rubuta tarihin garin nan. In kana son ka ƙara samun natsuwa a kan hukuncin kallon sura don ilimi, malaman da za ka tambaya suna kusa da kai, kuma ka fi ni sanin ƙofar kowannensu. Ni abin da nake shaida shi ne tarbiyyar da ka ba yarinyar nan ba mai zubewa ba ce don ta tsaya a gaban akwatin gilashi.

Akwai ma abin da za ta gani a can wanda zai ƙara mata sanin girman abin da ta gada. A gidan tarihin Birtaniya akwai dinarin zinariya da Offa, wani sarki a Ingila a ƙarni na 8, ya sa aka buga. Maƙeransa dinarin Halifa Mansur na shekara ta 157 Hijira suka kwaikwaya, har da kalmar shahada, suka saka sunan sarkinsu a tsakiya a kife, alamar ba su san ta ina ake karanta Larabci ba. Darajar kuɗin Musulmi ce ta kai har aka kwaikwaye shi. A birnin Biyana akwai alkyabbar jan alharini da aka ɗinka wa Roja na biyu, sarkin Siƙiliya Kirista, an zagaye bakinta da rubutun Kufi mai ɗauke da shekara ta 528 Hijira, kuma da ita aka riƙa naɗa manyan sarakunan Turai daga baya. A Faris akwai daron tagulla da wani maƙerin zamanin Mamluk, Muhammad ibn Zain, ya ƙera ya sa hannu a jikinsa, wanda gidan sarautar Faransa suka mai da shi abin wankan tsarkin 'ya'yansu. Aron kuma ba ta gefe ɗaya yake ba. Lokacin da Hakam na biyu yake ƙawata mihirabin masallacin Ƙurɗuba a ƙarni na 10, wajen sarkin Rum ya aika a turo masa gwanin jera gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya. Ko a fagen yaƙi ana gaba, a fagen sana'a kowa yana leƙen hannun ɗan'uwansa.

Amma abin da ya fi ci mini rai, Yaya, shi ne namu. Daga ƙofar gidanka zuwa Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, ba wata tafiya ba ce. An tona wasu daga tsoffin kaburburan da ke wurin a 1907, aka sake tona wasu a 1992 tare da masana daga Jamus. Me aka samu? Awarwaron hauren giwa, kayan ado na zinariya, duwatsun wuya na gilashi, wuri wanda asalinsa daga tekun Indiya yake, da tasar ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya. Sarakunan ƙasarmu ne na tsakanin ƙarni na 13 da na 16, aka binne su da kayan da suka ratso Sahara da teku. Sai da aka kai kayan Jamus aka tsabtace su aka yi nazarinsu, sannan aka dawo da su. A 2019 an yi wani babban baje koli a Amurka a kan ayarin zinariya na Sahara, aka nuna wasu daga cikinsu tare da kayan Mali da na Maroko. A cikin waɗanda suka rubuta bayanin kayan nan, Bakatsine nawa ne? Yaran da ke wasa a gindin hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau, nawa ne aka taɓa gaya musu yadda aka ɗora ta da tubali da azara har ta kai wannan tsayi?

Kuma ba Katsina kaɗai ba. A Gawo an tono duwatsun kaburburan sarakuna na farkon ƙarni na 12, na marmara, da rubutun Kufi, waɗanda a Almeriya ta Andalus aka sassaƙa su aka ɗoro wa raƙuma. A Kumasi, da sojan Ingila suka shiga fadar Ashanti a 1896, sun tarar da wata babbar butar tagulla wadda a Ingila aka ƙera ta a zamanin Sarki Ricad na biyu, shekara ɗari biyar kafin zuwansu. Mutanen Kanem tun a ƙarni na 13 suka kafa makarantar Malikiyya a Masar domin ɗalibansu da alhazansu. Mansa Musa a nan Makka ya haɗu da Abu Ishaƙ Sahili, mutumin Garnaɗa, a hajjin 1324, ya tafi da shi Mali, ya gina masa zauren fada mai ƙubba. Shekara hamsin da ɗaya bayan wannan hajji, a tsibirin Mayorka, aka zana Mansa Musa a kan taswirar duniya yana riƙe da curin zinariya. Duk wanda ya jera waɗannan abubuwa a gabansa zai daina kallon ƙasarmu a matsayin bayan gari.

Ga kuma dalilin da ya sa dole a sami namu a cikin masu wannan ilimi. An daɗe ana rubuta cewa Sahili ne ya koya wa mutanen Afirka ta Yamma ginin ƙasa, alhali tonon da aka yi a tsohuwar Jenne ya nuna ana gini da tubali a can ƙarnuka kafin a haife shi. Wani Bajamushe, Furobeniyus, da ya ga aikin Ife a 1910, cewa ya yi ba baƙar fata suka yi ba, wai ragowar wata ɓatacciyar al'umma ce daga teku. Bincike ne ya rushe wannan magana, ba zagi ba: an auna ƙarfen, an gano shekarun ƙasar da aka tono kayan, har aka gano matoyar gilashi a Ife ɗin kanta. Irin wannan gyara ba ya yiwuwa sai da wanda ya iya aikin ya kuma damu da gaskiyar lamarin. Ummi za ta tarar a wasu darussan ana ba Turai wata uku, a ba duniyar Musulmi mako biyu, a ba Afirka yini ɗaya. Gara ta san haka tun daga gida, ta shiga da shirin cike giɓin da kanta.

Zaman Misfala ya sa ina jin wannan magana a jikina. A layinmu akwai tsofaffi waɗanda kakanninsu a ƙasa suka tako, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, wasu tun ƙaurar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903. Sun zo da sana'a a hannu, ɗinkin hula da dukanci da rubutun allo, ga kuma Alƙur'anai na warƙa a cikin gafaka, da zayyanar ja da rawaya irin ta gida. Da yawa daga jikokinsu ba su iya karanta wannan rubutu ba, kuma in tsoho ya rasu ba kowa ya san darajar abin da ke ƙasan akwatinsa ba. Garin kansa kullum sauyawa yake. Na ga ganuwar Ajyad ta Usmaniyawa a kan dutsenta da idona kafin a rushe ta a 2002, inda dogon ginin agogo yake yanzu. Gidajen da ke da tagogin katako masu sassaƙa, waɗanda ake kira rawashin, da ƙyar za ka ga ɗaya a kusa da Harami. Alhazai sun yi yawa, dole a yi musu wuri, wannan kowa ya sani. Abin da ya tsira shi ne abin da aka sami masani ya auna, ya zana, ya ɗauki hoto, ko ya ce a ɗauke a adana. A gidan baje kolin gine-ginen Harami biyu da ke Ummul Jud akwai tsoffin ƙofofi da duwatsu masu rubutu da tsohon matakalin katako na Ka'aba, kuma kowane ɗaya yana nan ne don wani ya san darajarsa a ranar da ake kwashe ɓaraguzai. Haka lamarin yake a gida. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu, da ba don awo da zanen da Damacoski, wani masanin gini daga Folan, ya yi masa ba kafin a sauya fasalinsa, da ba a iya sake gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos ba. Ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ka ga yadda ake cinye ta taki-taki. Maginan da suka iya ɗaurin guga da bakan gizo, suka san yadda ake jiƙa makuba, tsufa suke yi, yaransu kuma sun koma bulo da siminti.

Maganar abinci kuwa, ba zan yi maka alkawarin arziki ba. Ba karatun da ake tara dukiya da shi ba ne. Amma ba marar mafita ba ne. Akwai koyarwa a jami'a, a Zariya inda ta yi digirinta na farko, ko Kano, ko Katsina kusa da kai. Akwai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina yake ƙarƙashinta. A 2022 Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar kayan tagullar Benin fiye da dubu ɗaya, kuma duk abin da ya dawo yana bukatar wanda ya iya rajistarsa da adana shi da bayaninsa. Akwai rubuce-rubucen hannu a Gidan Arewa na Kaduna da gidajen malamai, har da naka, waɗanda gara da damina suke ci. A nan Saudiyya ma fagen yana buɗewa: a 2023 an yi babban bikin baje kolin fasahar Musulunci a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda, aka sake yi a 2025, kuma masu Larabci da Turanci da sanin kayan tarihi ake nema a irin wannan aiki. Ummi tana da Hausa a kan waɗannan. Sauran kuma na Allah ne.

In ka amince, ga abin da nake ganin ka gindaya mata, ni ma zan faɗa mata da bakina. Kada ta saki Larabcinta, ta ma ƙara, har ta iya karanta Kufi da Sulusi da rubutun Magariba a jikin dutse da ƙarfe, domin a nan za ta fi yawancin abokan karatunta. Ta koyi Faransanci, saboda da yawa daga abin da aka rubuta a kan Gawo da Tambutu da Agadas da shi aka rubuta. Kundin bincikenta kuma ya zama a kan abin gida, ko kayan Durɓi, ko zayyanar Alƙur'anan Katsina da Barno, ko aikin magina. In ta zo hutu ta je ta durƙusa a gaban tsofaffin magina da marina da dukawa, da littafinta da abin awonta, ta ba su girmansu kamar yadda take ba farfesoshinta. Batun masauki ka riga ka ce ɗan Goggo yana can da iyalinsa, to wannan ya wadatar, sai dai a yi magana da shi tun da wuri.

Ina kuma roƙonka, kafin ta wuce, ka turo ta Umra tare da mahaifiyarta. Ɗakinmu na baƙi yana nan. Zan nemi izini in kai ta Ummul Jud ta ga masu surfanin rigar Ka'aba, in kai ta wajen Arfa ta ga ragowar magudanar ruwan da Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka gina, in kuma zaunar da ita a gaban tsofaffin layinmu su buɗe mata gafakokinsu. Ina so ta fara ganin waɗannan kafin ta ga na Landan.

Ka yi istihara, Yaya, ka kuma kira ta ka ji ta bakinta da kanka, ba ta bakin uwarta ba. In zuciyarka ta kwanta, ka sa mata albarka a fili, a gaban ƙannenta, domin ta tafi da ƙarfin gwiwa. Takardun jami'a suna da wa'adi, don haka kada a ja lokaci.

Ka gai da Hajiya da yara, da Goggo, da Liman da sauran mutanen zaure. Mai ɗakina da yara suna gaishe ku. Na ba wani alhaji ɗan unguwarku zamzam da dabino ya kawo muku. Ina sa ku a addu'a a gaban Ɗaki, ku ma kada ku manta da mu. Ina jiran amsarka.

Wassalam.

Ƙaninka,
daga Misfala